Rigar da Ƙasa ta Cinye

Ranar farko Verna ba ta ba mu iri ba.
Tsohuwa ce, saba'in da 'yan kai,
yatsunta kamar saiwar da aka tono.
Ta ce, "Gobe kowa ya zo da tsumman auduga,
wanda ya gama da shi."

Mu bakwai ne a bakin kogin Minnesota,
ƙanƙara ta narke, iska ba ta daina cizo ba.
Ga Kaying, wadda kakarta ta ƙetaro Mekong
da irin kokwamba ɗinke cikin riga.
Ga Warsame, direban babbar mota,
ya san gonakin nan duka ta gilashi,
bai taɓa taka ko ɗaya ba.
Eusebio ya yi shekara ashirin yana tsinkar na wasu,
ba a taɓa tambayarsa me za a shuka ba.
Ni kuwa, Lorinda, daga mayankar talotalo na fito,
wuƙa a dama, sanyi a ƙashi,
na zo da rigar aikina, sunana a ƙirji.

Verna ta sa almakashi ta raba ta biyu.
Rabi muka binne a tsohuwar gonar masara
da garma ke yaga tun kafin a haife ni,
rabi a tata,
inda ƙarfe bai shiga ba shekara goma sha biyar.
Ta kafa tsinke. Ta ce, "Kwana sittin."

Sai aiki.
Kullum da asuba mu matsar da shingen tumaki taku talatin,
su ci, su tattake, su bar mana tukuici a baya.
Ciyawa ta kai gwiwa, ba a cirewa,
a kwantar da ita, a shuka a cikinta.
Warsame ya riƙe ƙugu:
"Wannan noma ne ko lalaci?"
Ta ce, "Kai kana fita tsirara a sanyin nan?
To ita ma ƙasa ba ta so."

Wata safiya Eusebio ya durƙusa bai ce komai ba,
masara da wake a rami guda, kabewa a gefe,
yadda uwarsa ke yi a tsaunukan Oaxaca.
Na ga Verna ta laluba aljihu,
ta fito da guntun fensir.
Malama ce ke rubutu, ɗalibi na magana.
Kaying ta yi dariya har ta zauna a taɓo.

Babu mai fili a cikinmu.
Aron kadada ɗaya muka yi, aka yanka bakwai,
kuma banki bai san sunan kowa ba.
Wasu daren nakan ƙirga kuɗin haya
in ce wa kaina, mace, kin yi wauta.

Kwana sittin ya cika ran Talata, ana yayyafi.
Rabin farko ya fito cif,
datti kawai, a wanke a koma aiki.
Na ji ƙirjina ya yi nauyi,
kamar an buga ƙararrawar shiga.

Sai na biyun.
Shebur ya nutse kamar cikin tuwo,
ƙamshi ya taso, na ɗakin da aka yi wa sabon yaɓe.
Na tona, na tona, babu riga.
Maɓalli uku.
Zaren roba da aka ɗinka sunana da shi,
ya warware, ba ya karantuwa,
tana biyu na ratsa shi ba gaggawa.

Shekara goma sha tara na yi cikin rigar nan.
Wata biyu ƙasa ta yi, ta gama da ita,
ba ta bar ko warin wurin ba.

Warsame ya tsuguna, ya ɗebi baƙar ƙasar,
ya murza, ya shinshina, ya daɗe.
Ya ce, "Gani ya kori ji."

Na zuba maɓallan a aljihu.
Suna nan har yau, suna kaɗawa in ina tafiya.
Verna ko waiwaye ba ta yi ba,
ta riga ta kama hanyar shinge,
tana cewa tumaki ba su san an yi biki ba.